Sharhi kan injin tace tumatir na hannu

Injin da nake magana a kansa ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma ba shi da girma. Kwano ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, ƙasansa faranti ne mai huji-huji, a tsakiyarsa akwai lanƙwasasshen ƙarfe da ake juyawa da mariƙi, sannan yana da ƙugiyoyi da ake ɗora shi da su a bakin tukunya. Na saye shi a wani shagon kayan kicin a nan Jos, ya zo da faranti uku masu huji daban-daban, kuma tun daga lokacin da shi nake haɗa miyar taliya irin ta Italiya daga ɗanyen tumatir.

Dalilin sayensa shi ne bambancin da ke tsakanin wannan miya da jar miyarmu ta gida. Jar miya tana da tattasai da attaruhu da isasshen mai da za su rufe duk wani aibin tumatir, amma miyar taliya kusan tumatir ne zalla, don haka duk abin da ya same shi sai harshe ya ji. Idan aka kai markaɗe inji ko aka zuba a bilenda, ɓawo da 'ya'ya duk niƙewa suke yi a ciki, iska kuma ta shiga markaɗen ya yi kumfa, launinsa ya tashi daga ja ya koma ruwan goro. Wannan inji kuwa matse tsokar yake yi ta cikin hujin, ya bar ɓawo da 'ya'ya a sama, abin da ke sauka a tukunya ya fito ja wur, mai santsi da kauri. Shi ne abin da mutanen Italiya ke kira passata.

Tumatirina a kasuwar Farin Gada nake saye, kuma nakan nemi irin da ake kira UTC, nunanne mai tauri, domin ya fi tsoka da ƙarancin ruwa. Kusan kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne, saboda haka zaɓen iri ba ƙaramin abu ba ne ga mai son rage cin gas. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Janairu zuwa wajen Afrilu, sa'ad da na noman rani ya cika kasuwa kuma kwando ya yi araha. Na damina ya fi ruwa da tsami, ga tsada.

Nakan wanke tumatirin, in raba kowanne biyu, in zuba a tukunya ba tare da ƙara ruwa ba, in rufe kamar minti 15 har ya yi laushi ɓawonsa ya fara saki. Daga nan sai in riƙa ɗiba da ludayi ina zubawa a injin da aka sa wa farantin matsakaicin huji. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce, bayan juyi kaɗan a mayar da mariƙin baya sau ɗaya, domin hakan na kankare ɓawon da ya toshe hujin. Ana ci gaba har sai abin da ya rage a sama ya zama busasshen tarkace, sannan a kankare ƙasan farantin da cokali, saboda a nan tsoka mafi kauri take maƙalewa, kuma asara ce a wanke ta.

Sauran aikin mai sauƙi ne: a soya albasa da tafarnuwa a man zaitun ko man gyaɗa mai kyau, a zuba tataccen tumatirin da gishiri, a bar tukunya a buɗe kan wuta kaɗan kamar minti 45 har ya kama jikinsa, sannan a yaga ganyen ɗoɗɗoya a zuba dab da saukewa. Idan da tsami, gurzajjen karas na fi so a kan kanwa, wadda ke dusashe launi da ɗanɗano, kuma karas ba abin nema ba ne a Jos. Miyar da aka yi haka tana manne wa taliya, ba ta tsiyaye ruwa a gindin faranti. Ita taliyar kuwa a ɗanɗana ta kafin a tace, domin Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96, don haka takan ɗan wuce mintunan da aka rubuta a jikin leda.

Injin yana da nasa nakasu, kuma ya kamata mai saye ya sani. Ba ya tace ɗanyen tumatir da ba a tafasa ba, farantin ƙananan huji yana saurin toshewa, ƙugiyoyin ba sa zama daidai a kan tukunya mai faɗi sosai, kuma idan tumatirin ya kai kwando guda kafaɗa za ta gaya wa mutum. Ba zan ba mai girkin biki ko suna shawarar dogaro da shi ba. Amma ga girkin iyali, ko ga uwargidan da ke son tace tumatirin rani ta ƙulla ta adana a firiza, ya cancanci kuɗinsa, tun da yana aiki ko da wuta ko babu.

Wadda za ta saya ta guji na alminiyon, domin tsamin tumatir yana cin sa har ya sauya ɗanɗanon miya. Ta kuma sa mai shago ya haɗa mata shi a gabanta, ta juya mariƙin ta tabbatar ƙarfen yana gogar farantin sosai, domin idan akwai rata a tsakaninsu tumatirin zagayawa kawai zai riƙa yi, ba zai sauka ba.