Tsohuwar mota a Maradi: ta asali za ka saya, ko wadda aka sauya wa inji?

Mai neman tsohuwar mota a Maradi zai tarar da iri uku a hannun dillalai. Akwai wadda ke da injinta da giyarta da kujerunta na asali, ko da fenti ya koɗe. Akwai wadda aka yi wa ƙananan sauye-sauye don ta jure zafi da ƙura. Sai kuma wadda aka fidda wa inji aka dasa na Toyota, aka yanke nan aka yi walda can. Ra'ayinmu shi ne ka sa kuɗinka a kan bodin da ba a yanka ba da takardu masu tsabta. Duk abin da aka ɗaura da noti ana iya kwance shi gobe, amma abin da aka yanka da wuta ba ya komawa yadda yake.

Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa masu tsofaffin motoci na duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an riƙe ta a siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kamata ka fara yi wa kanka tambaya a kai. In motar fita ranar Juma'a da rakiyar ango kake so, ta asali ce taka. In kuwa Tasawa da Dakwaro za ta riƙa zuwa da kaya duk mako, to dole ka yarda da wasu sauye-sauye.

A wannan yanki Peugeot 504 ce ta fi sauƙin riƙewa a yadda take. Ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗa ta bayan Faransa ta daina. Shi ya sa kayanta ba su yi wuya ba: abin da aka rasa a Maradi ana samunsa a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma duk tsohon makanike ya san cikinta. Injin fetur ɗinta mai 1971 cc, wato XN1, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom. Silindojinsa masu cirewa ne, waɗanda makanikai ke kira shamiz, ruwa na zagaye su kai tsaye. Amfanin haka shi ne inji ko ya gaji ana sabunta shi da sabbin shamiz da fistin da zobba ba tare da an kai gangar wurin gurza ba. Don haka hayaƙi kaɗai bai isa hujjar jefar da injin asali ba. Haɗarinsa kuma shi ne in an buɗe kan inji aka juya shi ba tare da an danne shamiz ba, sai su motsa, hatimin gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Zaro sandar awon mai ka duba, ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa. In ka ga abu fari-fari mai kauri ya manne, akwai aiki babba a gabanka, a rage shi daga farashi.

Kada ka yarda a tayar maka da mota kafin ka iso. Taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyinsa, sannan a kunna a gabanka. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa a kafireto, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne. A cire fulogi huɗun a auna matsin kowace silinda; bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Buɗe lagireto tun inji na da sanyi, a tayar, ka ga ko kumfa na tasowa ba tsayawa, alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone ke nan.

Sa'ar da muke da ita a nan ita ce busasshiyar iska, tsatsa ba ta cin mota kamar yadda take yi a Kwatano ko Legas. Amma motoci da yawa daga can suka zo, wasu kuma sun sha ruwan damina ta robar gilashi da ta tsage. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba ƙarƙashin ƙafar direba, gindin but, ƙasan ƙofofi, mazaunin batir, da saman da shokazoba na gaba ke ɗaurewa. Naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi; inda ya ƙi kamawa mastik ne aka cika. Tsohon fenti da ya koɗe ya fi sabo mai sheƙi da aka fesa makon jiya, domin na farkon bai ɓoye maka komai ba. Wannan gwaji ba ya aiki a Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, don jikinta alminiyom ne. A wurinta shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba za ka ƙwanƙwasa da guduma.

Sauye-sauyen da muke goyon baya su ne waɗanda ke taimaka wa mota a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, kuma ana iya mayar da su. Lagireto mai layi uku a mazaunin na asali. Fankar lantarki ta ƙari a gabansa, da fis ɗinta da rile. Na'urar wuta ta lantarki a cikin delko maimakon kwantak, wanda ƙura ke cinyewa kuma sai an riƙa daidaita tazararsa wajen milimita 0.4. Altaneta a madadin dinamo a tsohuwar Peugeot 404. Matatar fetur ta biyu kafin famfo, tunda mai na kwalba a bakin hanya ba ya rasa datti. Sabbin tiyon birki da man DOT 4 da ake sauyawa duk shekara 2. Bel ɗin kujera. Duk wanda ya yi waɗannan ya kuma adana tsofaffin kayan a kwali, ka saye motarsa da kwalin gaba ɗaya. Abin da ba mu yarda da shi ba, ko da yake ya zama ruwan dare, shi ne cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don inji ya yi sanyi. Inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, ya sha mai ya kuma ci zobba da wuri, alhali ainihin ciwon, wato toshewar lagireto ko gajiyar famfon ruwa, yana nan. Haka nan zuba ruwan rijiya zalla: yana tara gishiri ya ci kan alminiyom.

Dashen inji ne ke buƙatar dogon nazari. Mutane na sa dizal ɗin Toyota 2L mai lita 2.4 ko 3L mai 2.8, ko na fetur 22R, saboda kayansu na ko'ina. Sai dai injin 504 a kwance yake a karkace, wajen digiri 45, na Toyota kuwa a tsaye, don haka sau da yawa sai an yanke mazaunin inji ko an sassaƙe kaskon mai kafin murfi ya rufe. Farfelar 504 kuma a cikin bututu take, bututun ne ke haɗe giya da aksul na baya. Wanda ya sa giyar Toyota dole ya yi dabara a wurin nan, kuma a nan yawancin aikin ke lalacewa: in layin bai miƙe ba, mota na rawa a wani gudu, tana cin kuros da hatimin giya. Dizal ya fi nauyi, gaba ya zauna, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nisa kafin ya kama. Ba ya kuma juyawa da sauri kamar na fetur, in ba a sauya lissafin aksul ba sai ka ji inji na kuka a kan kwaltar zuwa Damagaram alhali gudun bai kai ko'ina ba. Idan dizal kake so a 504, nemi wadda ta fito da nata, Indenor XD2 mai lita 2.3. Idan kuma ka ga mai dashe da ta burge ka, shiga ramin gareji ka ga waldar da idonka, ka bi wayoyin ka ga ko an murɗa su ne kawai an naɗe da salatif, ka tuƙa ta a kwalta da kuma cikin rairayi. Saye ta a farashin motar aiki, kada a sayar maka da ita da sunan kayan tarihi.

A Land Cruiser lissafin ya ɗan bambanta. Jerin 40, daga 1960 zuwa 1984, da jerin 60 da ya biyo baya, suna da shasi dabam da bodi da wurin inji mai faɗi, kuma sa musu 1HZ mai lita 4.2 aiki ne da aka saba, ko da yake FJ40 mai injinta 2F na asali ta fi daraja a wurin masu tarawa. Mercedes W123, ta 1976 zuwa 1985, ba ta da dalilin dashe: OM616 na 240D da OM617 mai silinda biyar na 300D sun fi yawancin abin da za a maye su da shi ƙarko. Duba tiyon iska da ke kashe inji da kulle ƙofofi, da tsatsa a wuraren sa jak. Ita kuwa 404, da yawa daga ƙananan samfurinta aksul ɗinsu na baya mai haƙoran tagulla ne da ke son mai na musamman. Tambayi mai ita wane mai yake zubawa, in ya yi shiru ka saurari kukan aksul ɗin da kyau.

Tayoyi ma a karanta su. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya mako da shekarar ƙira ne, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Taya mai zane cikakke da ta shekara goma a rana ba abin hawa titi ba ce.

Kafin a yi maganar jaka nawa, karɓi kart giriz, wato takardar rajistar motar, ka gwada lambar shasi da ke jikinta da wadda aka buga a ƙarfen motar da kuma farantin kamfani. In wurin lambar ya yi alamar gurza ko sabuwar walda, bar cinikin. Motar da ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa sai ka ga takardar duwan ɗinta. Idan takarda ta ce fetur, mota kuma na shan gazuwal, mai sayarwa ne zai gyara takardar kafin ka biya, domin wannan saɓani na iya jawo maka matsala a wurin binciken lafiyar mota da kuma wurin inshora ranar da aka yi hatsari. A rubuta takardar ciniki da lambar shasi da ta inji a gaban shaidu biyu, a kuma lissafa a cikinta duk tsofaffin kayan da za su biyo motar.