Parallel HDF5 a kan kulasta: yana aiki, amma sai ka san halinsa

Duk wanda yake gudanar da furogiram da MPI, tsarin da ke sa kwafin furogiram da yawa su raba aiki suna tura wa juna saƙo, a kan kulasta, wato tarin kwamfutocin nan da ake haɗawa su yi lissafi ɗaya tare, ya san inda rigimar take, wajen ajiye sakamako. Kana da ma'aikata 200 ko 500, wato kwafin furogiram ɗinka da ke gudana lokaci guda, kowa ya gama nasa kason yana son rubutawa, to a ina? In kowa ya buɗe fayil ɗinsa abin zai tafi lafiya lau har ranar da za ka ga fayiloli dubbai a folda guda, sabar da ke riƙe da sunayen fayiloli a Lustre, tsarin ajiyar fayiloli na kulasta, ta fara nishi, ko ls ka buga don ganin jerin fayiloli sai ka jira, masu kula da kulastar su fara turo maka imel. In kuma kowa ya tura wa rank 0, wato ma'aikaci na farko, shi kaɗai ya rubuta, sauran suna zaune sun naɗe hannu awannin da aka ware maka suna ƙonewa, bayanan in sun yi yawa ma memorinsa ta cika ya faɗi. Kowa ya buɗe fayil guda yana ƙara nasa a ƙarshe kuwa, wannan kar ma ka fara, musamman a NFS, wani tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, rubutun wani zai hau kan na wani ne kawai.

Abin da ya kai ni ga Parallel HDF5 ke nan. Shi HDF5, tsarin fayil da manhajar ajiye manyan bayanai, tsohon hannu ne, ya fito a 1998 daga NCSA a jami'ar Illinois ta Amurka, yanzu The HDF Group ke kula da shi, kuma kyauta ne. Ɓangaren rubutu tare, wato Parallel ɗin, zaune yake a kan MPI-IO, sashen rubuta fayil na MPI, wanda ya shigo cikin MPI-2 a 1997. Fayil ɗaya ne, a ciki ka ƙirƙiri babban teburin bayananka, kowane ma'aikaci ya zaɓi yankinsa da H5Sselect_hyperslab ya rubuta a nan, kamar ranar gayya a gona, kowa an nuna masa kunyarsa. Amma fa iyakar kai za ka shata, in ka ba mutum biyu wuri ɗaya HDF5 ba zai ce maka uffan ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne fayil ɗin yana ɗauke da bayanin kansa, suna, girma, irin lambobi, har ma'aunin da ka yi amfani da shi in ka saka. Ka sauko da shi laftof ka buɗe da h5py na Python ko MATLAB ba wata wahala. Sannan ka ajiye aikinka da ma'aikata 64, gobe ka ci gaba daga nan da 128, fayil ɗin bai damu ba. Wanda ya taɓa zama yana ɗinke ƙananan fayiloli da hannu ya san darajar wannan.

Yanzu inda yake ba da haushi. Duk abin da zai canja tsarin fayil, ƙirƙirar sabon teburi ko rukuni ko ɗan bayanin gefe, dole ne duka ma'aikatan su kira shi tare, da suna ɗaya da girma ɗaya. Ɗaya ya tsallake saboda wani sharaɗin if da ka saka, shi ke nan furogiram zai iya tsayawa cak, ba kuskure ba saƙo, har Slurm, mai rabon lokacin aiki a kulasta, ya zo ya kashe aikin. Wallahi wannan shirun shi ne babban laifinsa a wurina, manhajar da ta kai wannan shekarun ya kamata ta iya faɗa wa mutum inda ya kauce. Hatta ma'aikacin da ba shi da abin rubutawa sai ya shiga rubutun haɗin gwiwa, wato wanda duka ma'aikata ke kira tare, ya kira H5Sselect_none ya zo ba komai a hannunsa.

Saurinsa ma ba a sama yake zuwa ba. Da ka girka shi kowa rubutun kansa yake yi, sai ka kunna H5FD_MPIO_COLLECTIVE da H5Pset_dxpl_mpio sannan ake tattara ƙananan rubutun su zama manya. A Lustre kuma wurare da yawa suna barin fayil a kan ma'ajiya guda, don haka ka buga lfs setstripe -c 16 a foldar tun kafin a ƙirƙiri fayil ɗin don a baza shi a ma'ajiya 16, in ba haka ba dukkansu layi za su yi a ƙofa ɗaya kana zagin HDF5 a banza.

Mutanen Python ku kula, h5py ɗin da pip ke saukowa da shi ba shi da MPI, sai kun gina shi da mpicc, mai harhaɗa furogiram na MPI, a kan HDF5 na kulastar. Matse bayanai yayin rubutu tare sai daga siga 1.10.2 zuwa sama, kuma sai da rubutun haɗin gwiwa. Bayanin da tsawonsa ke canjawa, kamar jerin haruffa, ba ya shiga ta hanyar rubutu tare. Daga siga 1.10 kuma aka shigo da kulle fayil, in ka zo buɗe shi daga baya ya ce ya kasa kullewa, HDF5_USE_FILE_LOCKING=FALSE na warware shi, amma ka tabbata ba wanda ke rubutu a ciki lokacin.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: in lokacin aikinka ya ƙare aka kashe shi fayil na buɗe, zai iya lalacewa gaba ɗaya. Kowace ajiyar tsakiyar aiki ka ba ta sabon fayil ka rufe shi, kar ka tara aikin wata guda a fayil ɗaya.

Ga mai manyan teburan lambobi a C ko Fortran, ni dai ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba. In ma'aikatanka sun kai dubbai ka leƙa ADIOS2, wata manhaja irinsa daga cibiyar binciken Oak Ridge ta Amurka, ka gwada su biyun a kan kulastarku. In kuwa 'yan layukan rahoto kawai kowa ke fitarwa, ba ka buƙatar ko ɗaya, umarnin Slurm ɗin nan srun --output=log.%t, mai ba kowa fayil ɗin rahotonsa, ya ishe ka.