Lesin ɗin JAMB na masu neman injiniya da na kai autanmu a Yaba, ga abin da na gani

Tunda mutum biyu sun tare ni bayan Juma'a a Agege suna tambaya a kan wannan lesin ɗin, wani kuma matarsa ta kira matata, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Sunan wurin ba zan faɗa ba. Ɓangaren Yaba yake, irin masu manna hotunan yaran da suka ci 300 zuwa sama tun daga bakin titi.

Autanmu na kai, shekararsa 17. Tun yana firamare yake kwance rediyo da fanka yana mayarwa, shi ya sa a gida kowa Injiniya yake ce masa, Umma ma in ta kira daga Kano cewa take ba ni Injiniya. Burinsa UNILAG, wato Jami'ar Legas, ɓangaren lantarki. Kuma kun san maki 200 ɗin JAMB da ake cewa ta shiga layin post-UTME ce kawai, wato gwajin da jami'ar ke yi bayan JAMB, kujerar injiniya sai an haɗa makin JAMB da na post-UTME da sakamakon WAEC an tara, kuma yaran da ke zuwa da maki masu nauyi ba kaɗan ba ne.

Gaskiya dai koyarwa akwai, ba zan zalunce su ba. Malamin fiziks ɗinsu wallahi ya iya, yaron da ya zo Legas yana tsoron lissafin lantarki cikin wata biyu ya dawo yana min bayanin abin da ke cikin cajar wayar da nake sayarwa a kasuwar waya ta Computer Village shekara da shekaru ban sani ba. Suna da ɗakin kwamfuta na gaske, janareta ba ya wasa, ana zaunar da su tambaya 180 cikin awa 2 kamar ranar jarabawa, Turanci 60 sauran darussa ukun 40-40, har hannun yaro ya saba. Kemistiri haka-haka ne. Abincin hostal kuma a bar maganar.

Matsalar daga mok take farawa, wato jarabawar gwaji. Duk Asabar mok, Litinin da safe a manna sakamako a bakin matakala daga na ɗaya har na ƙarshe, da suna da maki, kowa sai ya bi ta wurin kafin ya hau aji. Da wannan takardar ake raba su aji uku, ka faɗi sati biyu a jere a sauko da kai, ajin ƙarshen kuwa ɗakin baya ne wanda manyan malaman ba su cika leƙawa ba, wato wanda ya fi buƙatar malami shi ake hana wa. Goma na ƙarshe kuma a kira sunansu gaban kowa. 'Yan hostal ana tashinsu 5 na asuba ba su kwanta ba sai 11 ta wuce. Juma'a suna barinsa ya je masallaci, amma daidai lokacin ake kemistiri kuma ba mai maimaita masa, sai ya dawo yana bin yara aron littafi.

Ni kuma ga wautata, duk Litinin saƙon maki na shigowa wayata, in na ga 230 sai in kira in ce haba Injiniya, ina laifin 280? Ina ganin ƙarfafa shi nake.

A wata na huɗu aka sauko da shi aji na biyu. Ya daina maganar ƙwallo, yaron da in Arsenal ta ci sai na kashe waya. Ya zo hutun Lahadi an yi tuwo da miyar kuka bai ci rabi ba. Akwatin kayan gyaransa, sukundireba da mita da ya tara kuɗi ya saya, ya ɗauka ya ba yaron maƙwabcinmu kyauta. Da zan raka shi hawa danfo ya ce min, Yaya da babu ni ai da kun huta da kashe kuɗi. Na ce kai dalla rufe mana baki, na wuce shago. Har yau in na tuna jikina sanyi yake. Bayan kwana uku abokin ɗakinsa, wani yaro Bayarabe Allah ya saka masa da alheri, ya kira ni da daddare ya ce in zo yanzu, ɗan'uwanka ba ya barci kuma maganganun da yake yi ba su yi min ba. A daren na ɗauko shi. Washegari muka ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma don Allah mu daina jin kunyar wannan, babban asibitin gwamnatin tarayya na wannan fannin yana nan Yaba, ba sai mutum ya fita tsirara ake zuwa ba.

Da na koma wurin daraktan lesin ɗin, ya karɓe ni da mutunci kam, har ruwa ya sa aka kawo. Na tambaye shi ko suna da wanda yaro zai je wurinsa in abu ya dame shi, ya ce malaman aji suna nan. Na ce takardar bakin matakala fa? Ya yi dariya ya ce Alhaji ai haka ake yi a Indiya, shi ya sa injiniyoyinsu suka cika duniya.

To na je na karanta Indiyar. Yara sama da miliyan ɗaya ke zana JEE, jarabawar shiga karatun injiniya, duk shekara, amma kujerun manyan makarantun injiniyansu da ake kira IIT, su 23 gaba ɗaya, ba su kai dubu 20 ba. Akwai gari sukutum, Kota a jihar Rajasthan, da sana'arsa lesin ce. A 2023 ɗalibai sama da 20 suka kashe kansu a garin, har a watan Agusta hukuma ta dakatar da gwajin da ake musu na tsawon wata biyu, daga baya jihar ta ce a daina baje sakamakon gwaji a fili, a daina raba aji da maki. Kun ji fa, daidai abubuwa biyun da daraktan yake alfahari da su. Kuma shiga IIT ɗin ma bai kashe wutar ba, a Maris 2025 Kotun Ƙolin Indiya sai da ta kafa kwamiti na ƙasa a kan lamarin, sanadin mutuwar ɗalibai biyu na IIT Delhi.

Mu ma nan ba mu manta 2025 ba, sama da yara miliyan ɗaya da rabi suka kasa kai 200 a JAMB, daga baya shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya ce matsalar na'ura ce ta shafi kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu. Kafin nan wata yarinya a Ikorodu ta riga ta kashe kanta a kan makin da ta gani. Ranar na yi ta tunanin yara nawa ne suka yarda lambar nan ita ce su.

In ka ce lallai sai ka kai naka, to jeka-ka-dawo, kar ka sa shi hostal, ya kwana inda za ka ga fuskarsa da kwanon abincinsa. Ka tambaye su gaba da gaba ko suna manna sakamako da suna. Kuma in yaro ya yi maganar mutuwa ko da cikin wasa ne, ka ajiye abin da kake yi ka zauna ka tambaye shi kai tsaye, in abin ya yi tsanani lambar gaggawa ta 112 tana aiki a Legas.

Kuɗin wata biyu da na biya gaba sun ce ba a mayarwa, yana rubuce a fom, ni ne ban karanta ba. Yanzu yaron yana gida, malamin fiziks ɗin yana zuwa masa Asabar, da yamma ya biyo ni shago yana canza sikirin. Na roƙi Umma ta riƙa kiransa da sunansa na yanka. Jiya ta kira ta ce ba ni Inji, sai ta yi shiru, ta ce ba ni autana.