Wace hafsikod za ka sa a ƙera maka: ta Italiya, ta Ruckers ko ta Faransa?

Hafsikod abin kiɗa ce mai madannai da wayoyi kamar fiyano, amma ta girmi fiyano a Turai, kuma ba da guduma ake bugun wayoyinta ba. Kowane madanni yana ɗaga ɗan katako mai tsinke a jiki, da can na gashin hankaka, yanzu galibi na roba, sai ya fizgi waya. Ko ka danna da ƙarfi sautin ba zai ƙaru sosai ba. Abin da mai ƙirar ya zuba a katakon, shi za ka ji.

Yawancin masu saye idonsu kan ta Faransa yake faɗawa, musamman kwaikwayon wadda Pascal Taskin ya ƙera a Paris a 1769, wadda yanzu take ajiye a Edinburgh. Hawa biyu ne na madannai, 61 a kowanne, murya mai zurfi da jimawa, kiɗan Couperin da Rameau, Faransawa masu tsara kiɗa, ya zauna mata daram. Sai dai jerin waya uku gare ta, wato waya 183 da kai da kanka za ka riƙa saitawa, ga tsada, ga nauyi. Mai koyo bai buƙatar wannan ɗawainiya.

Ni da za a tambaye ni, ta Italiya zan nuna. Allunanta sirara ne, hawa ɗaya, wayar tagulla, mutum biyu sun ɗauke ta. Sautinta yana fita da kaifi ya mutu da wuri, shi ya sa ta dace da kiɗan Frescobaldi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da kuma raka mawaƙa. Ƙirar gidan Ruckers na Antwerp tana tsakiya: ta fi kauri, muryarta ta fi jimawa, har Faransawan ƙarni na 18 suna sayen tsofaffinta su faɗaɗa su. Wanda kiɗan Bach, Bajamushe mai tsara kiɗa, ne kaɗai a ransa ya duba ƙirar Mietke, maƙerin hafsikod na Berlin, irin wadda Bach ya je ɗaukowa a 1719.

A kasuwar na hannu kuwa, yi hattara da masu nauyin nan na farkon ƙarni na 20, irin na kamfanin Pleyel mai firam ɗin ƙarfe. Ba ƙirar da ba ce. Hubbard da Dowd, maƙeran hafsikod da suka buɗe shago a Boston a 1949, suna cikin waɗanda suka dawo da tsohon salo.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, tambayi ko madannan suna gusawa tsakanin saitin tsayin sauti na 415 (na tsoffin kayan kiɗa) da na 440 (na zamani), don ka iya kiɗa da masu kayan zamani. Ka kuma auna laimar ɗakinka. Allon sautin yana son kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Bushewa irin ta hunturu tsaga shi take yi.