Sharhina kan manhajar Ibotta da tara takardun rangwame a Amurka

Tun da muka zauna a Houston, abin da ya fi cin kuɗi a gidanmu bayan haya shi ne kayan da ba a sa wa a baki: famfas, omo, sabulun wanka, man goge baki, tishu, man shafawar yara. Ƙarewa suke yi ba sallama, kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, shekarar da hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yuni, abin da aka yi shekara 40 ba a ga irinsa ba. Saboda waɗannan kayan na sauke manhajar Ibotta, kuma na daɗe ina aiki da ita, har zan iya gaya wa 'yan uwana mata abin da take yi da abin da ba za ta taɓa yi musu ba.

Kamfanin yana birnin Denver na jihar Colorado, ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York a watan Afrilun 2024. Aikin manhajar ba wuya. Kafin ki fita, sai ki buɗe ta, ki zaɓi kantin da za ki, ki danna kayan da aka sa wa tayi. Bayan kin biya, ki ɗauki hoton rasit ɗin, wani lokaci ta ce ki nuna mata baƙaƙen layukan nan na jikin kwalin. Kuɗin rangwamen da aka sa wa kayan sai su shiga asusunki na manhajar. A kanti irin Kroger ma ba sai an ɗauki hoto ba, haɗa katin kantin da manhajar ake yi, lissafin ya tafi da kansa. Sai abin ya kai dala 20 ake iya cirewa zuwa banki ko PayPal. Ni dai duk lokacin da na cire, kuɗina sun iso, wannan kuwa shi ne abu na farko da nake nema a wajen duk wata manhaja da ta ce za ta ba ni kuɗi.

Amma Ibotta ita kaɗai ba ta cika jaka. Ribar tana wajen ɗora rangwame a kan rangwame, kuma nan ne yawancin mutanenmu ba su samu mai yi musu bayani ba. Takardun rangwame, wato waɗanda ake miƙawa a wajen biya don a rage miki farashi, iri biyu ne. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, wadda kantin zai karɓa a hannunki sannan kamfanin ya biya shi kuɗin, har da ɗan ƙari na wahalarsa. Akwai kuma ta kantin kansa. Kantuna da yawa sun yarda a haɗa ɗaya daga kowane ɓangare a kan kaya guda. Ɗauki misalin man goge baki na dala 5 da kanti ya karya farashinsa zuwa dala 4 a wannan mako. Kin miƙa takardar kamfani ta dala 1, kin biya 3. A kantin CVS kuma sai ki tarar can ƙasan dogon rasit ɗinsu an buga miki ExtraBucks, kuɗin da za ki kashe a zuwa na gaba, muddin ba ki bari wa'adinsu ya wuce ba. Idan kuma an yi sa'a manhajar tana da tayi a kan wannan kaya, ta mayar miki da wani abu. Da haka nake tara tsarabar gida. Kafin lokacin tafiya ya zo, kwali ya cika da sabulai da man shafawa da buroshin goge baki, ba tare da na ji nauyinsu a rana ɗaya ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce a ina ake samun takardun. Jaridar Lahadi har yanzu tana zuwa da su, ko da yake sun ragu sosai, yawancinsu sun koma waya. Kowane babban kanti yana da manhajarsa, Kroger da Target da Walgreens duka, kuma sai kin danna takardar a ciki kafin ta yi aiki a wajen biya. A H-E-B, wanda mu mutanen Texas muka saba da shi, takardu ne masu ruwan ɗorawa a rataye a jikin kanta, ki cira ki kai wa mai karɓar kuɗi. Wasu a manne suke a jikin kayan, wasu kuma wata 'yar na'ura ce ke fito da su tare da rasit, mutane na barinsu nan ko su jefa a shara. Mai jego ta yi rajista da kamfanonin madarar jarirai irin Similac da Enfamil, za su riƙa aiko mata da takardu har gida. Rasit ɗin da kika nuna wa Ibotta kuma za ki iya nuna wa wata manhaja mai suna Fetch, ita maki take bayarwa a kan kowane rasit, ana canza su da katin sayayya.

Sau ɗaya na ji zafin abin. A wani kanti, mai karɓar kuɗi ta ƙi takardata a gaban dogon layi, ta ce girman kwalin bai yi daidai ba, alhali ga shi a rubuce ƙarara. Sai da manaja ya zo ya duba ya amince. Mace mai hijabi da Turancin da ba na haihuwa ba, idan tana riƙe da layi, tana jin idanu a bayanta. Tun daga ranar nake ajiye dokar kowane kanti ta karɓar takardu a wayata, kuma ina zuwa da safe lokacin da babu cunkoso.

Inda manhajar ta gaza mana shi ne tukunya. Tayin abinci ya fi yawa a kan kayan gwangwani da alawa da abincin da aka sarrafa, ga naman alade da giya da ke gittawa a shafin, dole ki yi ta wucewa. Ko alawar da aka sa wa tayi sai kin karanta bayanta, don da yawa akwai jelatin a ciki, sinadarin da akan yi daga alade. Jefi-jefi akan sa 'yan sulalla a kan madara ko burodi ko ƙwai na kowane kamfani, shi ke nan. Naman halal, manja, garin tuwo, kuka, daddawa, busasshen kifi, duk babu su a wannan lissafi. Na taɓa tambayar dattijon da nake sayen kayan miya a shagonsa, mutumin Kumasi ne, na ce, "Alhaji, ku ba ku karɓar takardar rangwame?" Ya ce, "Hajiya, namu rangwamen a baki yake. Ɗauki buhun, na rage miki dala biyar." Abin da ya rage mini a ranar ya fi abin da na tara a waya a wannan makon.

Ki kuma san cewa ba kyauta ake ba ki ba. Rasit ɗin da kike turawa yana gaya musu me kika saya, a ina, da ƙarfe nawa, kuma manufar tayin ita ce a ja ki zuwa kayan wani kamfani. Sau da yawa kayan da ke ɗauke da sunan kantin, ko na kantin Aldi, sun fi arha ko bayan an cire rangwamen. Shi ya sa nake rubuta abin da gida ke bukata tukuna, sannan in buɗe manhajar in ga wane tayi ne ya dace da abin da na rubuta.

Abin da nake roƙon 'yan uwa a kai shi ne takardun da ake sayarwa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ku nisance su. A jikin takardar gaske an rubuta cewa ta ɓaci idan an sayar ko an kwafa. A 2021 kotu ta ɗaure wata mata daga Virginia Beach shekara 12 saboda buga takardun jabu na sama da dala miliyan 31. Wadda ke jiran takardun zama ba ta da dalilin jefa kanta a irin wannan saboda kwalin omo.

Ga mai yara ƙanana da ke sayayya a manyan kantuna kowane mako, ina ba da shawarar Ibotta ba tare da shakka ba, minti goma kafin fita sun isa. Wadda yawancin cefanenta a shagon 'yan Afirka ne da mahautar halal za ta daɗe kafin ta haɗa dala 20 ɗin. Idan kuma kin buɗe asusun kika ga ba za ki ci gaba ba, ki cire kuɗinki da zarar sun kai, domin asusun da aka bari wata shida ba a taɓa ba ana fara zaftare masa kuɗin kula daga abin da ya tara.