Bokitin ƙaramar loda: mai arha ko na dila?

A hoto, bokitin ƙaramar loda (motar kwasar ƙasa da yashi) mai arha da na sanannen dila kamar tagwaye suke. Sai aiki ya fara ake gane bambancin. Mai arhar yakan zo da siririn ƙarfe, walda tsalle-tsalle an lulluɓe ta da fenti, bakinsa kuwa ya lanƙwashe da zarar ya ci karo da dutse. Wani ma farantin da ke haɗa shi da lodar ba ya zama daidai, sai fil ya ƙi kullewa.

Na dilan yana da tsada, ba musu, amma za a faɗa maka kaurin ƙarfen, da ko bakin na AR400 ne (ƙarfe mai tauri da ba ya saurin cinyewa), ga garanti da kayan gyara. In kwasar yashi ce jefi-jefi, mai arhar ya isa. In fasa ƙasa mai tauri ne kullum, ni dai na dilan zan ɗauka.