Labarin kishiya ko labarin zargi: amsa ga ƙanwata mai rubuta fim

Ƙanwata, kin ce kina da labarin aminai biyu 'yan kasuwa a garin Maraɗi, ɗaya a unguwar Zariya, ɗaya a Ali Ɗan Sofo. Matansu ma sun ƙulla ƙawance, sai ɗaya daga cikin mazan ya fara zargin akwai wani abu tsakanin matarsa da amininsa. Wanda zai zuba kuɗin fim ɗin ya ce ki mayar da shi rikicin uwargida da amarya, wai shi mutane suka saba kallo, kina tambaya wanne ya fi. Ni ina bayan labarinki yadda kika kawo shi. Amma bari in jera miki su biyun ki gani da idonki, domin shi ma mai kuɗin ba shirme ya faɗa ba.

Labarin kishiya ya zo da 'yan kallonsa. Jiharmu ta Maraɗi tana cikin inda auren mace fiye da ɗaya ya fi yawa a Nijar, don haka ba sai kin yi wa kowa bayanin rabon kwana, ko ranar girki, ko kayan faɗar kishiya ba. Amarya ta saki habaici tana daka, mai kallo ya riga ya san da wa take. Kuma kada wani ya ce miki labari ne na raini. Da shi Umaru Ganda ya ɗaga sunan ƙasar nan: fim ɗinsa Le Wazzou polygame, kan wani Alhaji da ya ƙaro mata da bala'in da kishi ya jawo, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. To amma tun daga 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano ake ta ɗibar ruwa a rijiyar nan. Yau da an nuna uwargida ta yafa mayafi da magariba, yaro ma ya san gidan boka za ta.

Babban bambancin yana ga yadda jama'a ke ɗaukar abubuwan biyu. Kishi an yarda da shi. Kishi kumallon mata ne, ana yin sa a tsakar gida da rana tsaka, maƙwabta su leƙo ta katanga, a ba da haƙuri, gobe a sake. Zargi kuwa ba ya fitowa tsakar gida. Mai yin sa yana jin kunyar faɗa, wadda ake yi wa ba ta ma san laifin da ake tuhumarta da shi ba, balle ta kare kanta. Dubi gidan Manzon Allah (SAW). Ranar da kishi ya motsa wa ɗaya daga cikin matansa ta buge akushin abincin da abokiyar zamanta ta aiko, ya tattara abincin ya ce wa baƙinsa uwarku ta yi kishi, aka biya akushi da akushi, magana ta mutu a ranar. Amma da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙage, wata guda Madina ba ta zauna lafiya ba, sai da ayoyin Suratun Nur suka sauka suka wanke ta. Nisan da ke tsakanin fasa akushi da wancan wata guda, shi ne nisan da ke tsakanin fina-finan nan biyu.

Sai ki ƙirga mutanenki. A labarin kishiya mutum uku ne, igiyoyin da ke tsakaninsu ma uku: miji da uwargida, miji da amarya, sai matan a junansu. Naki mutum huɗu ne, igiyoyi shida, kuma ba wadda za ki taɓa sauran ba su motsa ba. Akwai aure biyu, akwai amincin mazan da ƙila jarinsu ma a haɗe yake, akwai ƙawancen matan, sannan akwai kunyar da ke tsakanin kowane namiji da matar amininsa. Wadda na fi so ki kula da ita ita ce matar wanda ake zargi. Marubuta sukan manta da ita, alhali ita ce ke da asara ta ko'ina. In abin gaskiya ne ta rasa miji da ƙawa a rana ɗaya. In ƙarya ne, ta riga ta yi wa ƙawarta kallon da ba ya goguwa. Ranar da mai zargin ya tare ta a hanyar gidan biki ya ce, "Hajiya, ba ki lura da komai ba?", a ranar fim ɗinki zai tashi daga gida ɗaya ya kama gida biyu.

Ta fuskar wahalar rubutu, nan labarin kishiya ya fi naki sauƙi nesa ba kusa ba. Kishiyoyi suna gida ɗaya, murhu ɗaya, randa ɗaya, ko ba ki haɗa su ba za su haɗu. Amma a garinmu aminin miji a zaure yake tsayawa. Ya yi sallama, a amsa daga ciki, a aiko yaro da ruwa. In kika zaunar da shi a falo da matar mutum suna hira da dariya, mai kallo a Maraɗi zai ce wannan ba gidanmu ba ne, ya daina yarda da ke. Dole zargin ya shigo ta ƙofofin da rayuwarmu ta bari a buɗe. Miji ya tafi Kano saro kaya ta Ɗan Isa da Jibiya, ya bar wa amininsa amanar cefane, tafiyar kwana uku ta zama kwana goma. Ya dawo ya tarar da takardar aiken kuɗi jaka hamsin da sunan matarsa, daga hannun aminin, ba wanda ya gaya masa. Gaskiyar magana uwarta ce ta kwanta a likita, ita kuma ta ji nauyin tayar masa da hankali yana kan hanya. Bayan nan komai sai ya zama hujja: kiran waya da ta katse da ya shigo, kwanon gidansa da ya gani a shagon aminin, ɗan kabu-kabun da ya ce ai ya san gidan. Har alkunyarta za ta juya mata baya, domin in ta sunkuyar da kai da aka ambaci sunan mutumin, mijin zai ce rashin gaskiya ne. Kowane abu ki ba shi fuska biyu, ta alheri da ta sharri.

Ki kuma yanke shawara tun farko kan abin da mai kallo zai sani. A fim ɗin kishiya muna ganin komai, muna jiran ranar da asiri zai tonu. A naki ina ba ki shawara ki bar mu cikin duhu tare da mijin har tsakiyar fim, mu ma mu fara cewa anya kuwa. Sannan ki nuna mana gaskiya, shi ki bar shi bai sani ba. Daga nan mai kallo zai zauna da nauyi biyu: tsoron abin da mutumin zai aikata, da kunyar cewa shi ma ya zarge ta.

Batun kuɗi da tsawo gajere ne. Rikicin kishiya yana ɗaukar dogon zango a YouTube, kowane mako da sabon faɗa, shi ya sa mai kuɗinki ke son sa. Zargi ba ya jure jan rai, in ya wuce awa ɗaya da rabi ko biyu sai ya saki. Amma ki gaya masa 'yan wasa huɗu, gida biyu da shago ɗaya sun ishe ki, ba taron biki, ba kayan lefe. Rawa da waƙa a tsakiya kuwa ki bar su, za su huce zafin da kika sha wahalar haɗawa.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da za ki ɗauka. Zargin matar aure ba abin wasa ba ne a addininmu. Wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, Alƙur'ani ya yanke masa bulala 80 da zubar da shaidarsa. In mijin ne da kansa, sai li'ani: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake, ita ma ta yi nata, su rabu har abada. Ko da yake kotunan ƙasarmu ba sa yin bulalar, kowa ya san girman maganar. Na ga wata 'yar uwarmu da aka saka a kan zato irin wannan. Daga baya gaskiya ta fito, mijin ya zo biko har da kuka, amma har yau in ta shiga taron suna akwai masu yin shiru. Saboda ita nake roƙonki kada ki bar ko ɗigon shakka a kan matar nan a ƙarshen fim don neman a ce kin iya sarƙaƙiya. Kuma kada ki kawo wani malami ya yi wa'azin minti biyar kowa ya rungumi kowa. Fim ɗin kishiya yana iya ƙarewa da sulhu mu yarda, tun da mun saba ganin an yi faɗa da safe an ci tuwo tare da dare. Naki in ya ƙare haka ya yi mana ƙarya.

Da ni ce ke riƙe da alƙalamin, zan rufe da mijin tsaye a zauren amininsa, inda ya saba shiga ba sallama tun suna samari, yanzu ya yi sallama sau uku yana jiran a amsa. Rubuta fitowar da ya tsinci takardar kuɗin ki turo mini in gani, amma kada ki sa masa magana ko ɗaya a baki. Ya ninke ta ya sa aljihu, ta kawo masa abinci, ya ci.